Neman kalma: injin tauraro da injin katantanwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Neman kalma ne ya kawo ni yau, kuma kalmomi biyu nake nema. Ina shirya ɗan bayani a kan injinan jiragen sama na dauri saboda yaran da ke koyon kanikanci, sai na ci karo da wanda Turawan Ingila ke kira "radial" da wanda suke kira "rotary". Mutum uku na tambaya, duk suka ce ai abu guda ne, a ce "inji mai da'ira" a wuce wurin. Ba abu guda ba ne ko kusa.

Ga yadda suke. In ka buɗe bonet ɗin mota za ka ga silinda a jere kamar sahu. Waɗannan biyun kuwa silindarsu kewaye suke da karanshaf, wato sandan tsakiya da fistan ke haɗe da shi, kowace ta ba shi baya ta fuskanci waje. A na farkon, silinda suna ɗaure da jikin jirgi ba sa motsi, karanshaf ne ke juyawa a tsakiya yana juya farfela, kamar dai yadda muka saba. A na biyun an juya lamarin: karanshaf ne aka ɗaure da jikin jirgi, shi kuma injin gaba ɗayansa, da silinda da fulogi da bawul, shi ke wulwulawa tare da farfela, sau 1,200 ko kusa da haka a minti ɗaya. In suna ajiye shiru, sai gwani ne zai bambance su. In aka tayar, ko yaro ya gani.

Mu fara da mai sauƙin. Wani ya ce a ari kalmar kawai, a ce "injin radiyal". Ba na ƙin aro, ai fistan da fulogi da lagireto duk aro ne kuma sun zauna daram a bakin kowa. Amma radiyal a kunnen direba taya ce, kuma kalmar ba ta zana komai a ido. Wata baiwar Allah ta kawo "injin rana", don silindar sun bazu kamar hasken rana. Hoton ya yi kyau, sai dai a wannan zamani da kowane rufi ke ɗauke da faifan sola, wanda ya ji injin rana zai zaci da hasken rana yake aiki. "Injin zobe" kuma zobe tsakiyarsa rami ne, nan kuwa tsakiyar ce uwar aiki.

Ni "injin tauraro" na tsayar. Ka tsaya a gabansa ka duba, tauraro ne sak irin wanda yara ke zanawa, tsinaye sun fita ta ko'ina. Ba mu kaɗai muka ga haka ba, Faransawa da Jamusawa ma da tauraro suke kiransa a harsunansu, don haka 'yan uwanmu na Zinder da Maraɗi da suka yi karatu da Faransanci ba za su ji baƙon abu ba. Na ga wanda ya ce za a rikita shi da tauraron ɗan Adam. Ranka ya daɗe, ba na jin haka. Ba wanda ke yanke "ɗan Adam" ya bar tauraro tsirara in kumbo yake nufi.

Kuma tsinayen nan ba a banza suke ba. Ƙirga su: 5, 7 ko 9 za ka samu a kowane layi, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Dalili shi ne wuta tsallake ɗaya take yi tana kamawa. A mai silinda 9 sai ta bi 1, 3, 5, 7, 9, ta zarce 2, 4, 6, 8, ta dawo kan 1 ba tare da tangarɗa ba. Irin wannan ne, ƙirar Wright J-5 mai ƙarfin dawaki wajen 220, ya ɗauki Charles Lindbergh daga New York zuwa Paris a watan Mayun 1927, awa 33 da rabi yana aiki bai tsaya ba. Jirgin Dakota, wato DC-3, wanda Nigeria Airways ya yi amfani da shi, dattawan Kano da yawa sun san rurinsa: tauraro biyu ne aka goya a kowane inji, silinda 14. Ƙaton cikinsu, R-4360 na kamfanin Pratt & Whitney, layi huɗu ne, silinda 28, fulogi 56. Kanikawan Amurka totuwar masara suke ce masa, kuma duk wanda ya ga hotonsa ya san ba su yi ƙarya ba.

Af, jirage ukun nan na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamban 1925, ba sa cikin wannan lissafi. Injinsu Liberty ne mai silinda 12 a layi biyu, da ruwa da lagireto yake sanyaya kansa.

Yanzu ga na biyun, wato "rotary", inda gardamar take. "Injin juyi" shi ne ya fara zuwa bakin kowa, ni ma har na rubuta shi. Sai wani dattijo bakanike ya tambaye ni: wane inji ne ba ya juyi? Baba, ka yi gaskiya, na goge. Ga kuma wata matsala: Turawa da kansu sun sa wa injin Wankel na motocin Mazda wannan suna na "rotary", alhali ba abin da ya haɗa su. Bai kamata mu ɗauko musu rikicinsu mu shigo da shi gida ba.

An kawo "injin mazari", kuma na daɗe ina juya shi a raina, don kalma ce tamu mai daɗi. Amma ku tuna yadda mazarin kaɗi yake a hannun tsohuwa: sandan tsakiya ne ke juyawa. A wannan inji kuwa sandan tsakiyar ne kaɗai abin da ke tsaye. Sunan zai koya wa yaro akasin gaskiya. Sannan Bahaushe in ya ji mazari, rawar jiki ce ke fara faɗo masa.

Katantanwa nake so. Wanda ya yi wasanta a ƙasa yana yaro ya san dukan jikinta ne ke juyi, ba wani sashe ba. Ya kuma san wani abu da littafin kimiyya ke shan wahala kafin ya bayyana: katantanwa in ta kama wuta tana juyi, ka taɓa ta da yatsa, ba ta bin inda ka tura ta, sai ta goce gefe. Wannan ɗabi'ar ce ainihin halin injin. Jirgin yaƙin nan Sopwith Camel na Yaƙin Duniya na Ɗaya katako ne da zane, ga ƙarfe fiye da kilo 170 yana wulwulawa a hancinsa. In matuƙi ya karkata dama sai jirgin ya fizge kamar walƙiya hanci na yin ƙasa, in hagu ce sai ya yi nauyi hanci na ɗagawa. Gwanaye sun ci moriyar wannan a fagen fama, masu koyo da yawa kuwa a nan suka rasa rayukansu. Sunan da zai sa ɗalibi ya hango wannan tun kafin a yi masa bayani, shi ne suna.

Me ya sa ma aka ƙera injin haka? Zafi. Injinan farko saurin ɗaukar zafi gare su, sai 'yan uwan nan na gidan Seguin a Faransa suka fito da Gnome wajen 1908, silinda 7, ƙarfin dawaki 50, wanda ke yi wa kansa fifita ko jirgi na tsaye a ƙasa. Man da yake sha kuma namu ne na gida: man zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, saboda ba ya narkewa cikin fetur. Ba ya komawa tanki, fesowa yake a fuskar matuƙi har a sauka.

To wannan batu ya kai mu ga gidajen tarihin jiragen sama. Shi ne ma dalilin da ya sa na dage. Na ce in suna ajiye shiru ba a bambance su. Wuraren da har yanzu ake tayar da su mutum ya gani da idonsa kaɗan ne, kuma yawanci ƙananan gidaje ne masu rumfa biyu ko uku da filin ciyawa. Akwai Shuttleworth a Old Warden ta Ingila, inda jirgin Blackburn na 1912 mai injin Gnome ke tashi da yamma in iska ta kwanta. Akwai Old Rhinebeck a jihar New York, wanda Cole Palen ya kafa a 1958. A irin wuraren nan ne za ka ga bakanike ya kama farfelar injin tauraro yana juya ta da hannu a hankali kafin a tayar, domin baƙin mai na taruwa a silindar ƙasa, in aka tayar a haka konrod, wato sandan da ke haɗa fistan da karanshaf, na iya lanƙwashewa. A nan ne za ka ji ƙaurin man zurma, ka ji injin katantanwa na ɗaukewa yana dawowa lokacin sauka, don matuƙi yanke wuta yake yi yana saki maimakon rage mai.

Irin waɗannan gidaje kuwa rayuwarsu a hannun abu ɗaya take: mutum ɗaya, ko rufi ɗaya, ko takardar haya ɗaya. Gidan Champlin na Arizona ya rufe a 2003, jiragensa suka koma babban gidan tarihin jirage na Seattle, suna can tsaye a zauren kallo. Na Virginia da ke Richmond ya rufe a 2016 bayan ginin ya lalace. Na kusa da Newquay a Ingila ya rufe ƙofa a 2022 saboda batun hayar filin da yake zaune. Ko tarin Paul Allen, mai kuɗin Microsoft, bayan rasuwarsa a 2018 an rufe shi a 2020, sai da wani attajiri ya saya kafin a sake buɗewa a 2023. Ƙarfen ba ya ɓata, ana samun mai ɗauka. Abin da ke ɓata shi ne tsofaffin 'yan sa kai da suka san yadda ake tayar da shi, da kuɗin inshorar da ke ba da damar a tayar ɗin. Inji in ya hau kan teburin nuni aka goge shi yana ƙyalli, ya yi shiru ke nan, kuma wannan na ba ni takaici ƙwarai.

Yaran da nake rubuta wa bayanin nan, mafi yawansu a hoto za su ga injinan, a tsaye cik. Shi ya sa nake so motsin ya kasance a cikin sunan. Ga yadda na sa a takardar, sai dai in wani ya kawo wanda ya fi:

Injin tauraro: silinda sun kewaye karanshaf suna tsaye, karanshaf ke juya farfela.

Injin katantanwa: karanshaf a ɗaure yake, dukan injin ke juyawa tare da farfela.

Babbar konrod ɗin da ke cikin injin tauraro kuwa, wadda ƙananan ke rataye a jikinta, dattijon bakaniken da ya gyara mini ɗazu ya ce a kira ta uwar konrod, sauran kuma 'ya'yanta. Na gode Baba, haka na rubuta.