Neman shawara: zan kai Innarmu Yamai kwana uku, amma ba ta cin nama ko kihi

Ƴar Bagalam:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina wuninku ya gajiya. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Yamai da kyau. Ina son in kai Innarmu ta ga gari a hutun lakwal na ƙarshen Disamba, kwana uku za mu yi banda ranar tahiya da ta dawowa. Matar nan ta haura shekara 60, da tuyar ƙosai ta biya mana karatu mu huɗu, kuma duk rayuwarta iyakarta Tasawa da Madarumfa, kullum in aka nuno gada da kogi a tele sai ta ce ko Allah zai sa ta ga wannan ruwan da idonta. Maganar nan ta tsaya min a rai wallahi, shi ya sa na shiga adashe tun Maris, yanzu na kwashi jika 150.

To ga inda gizo ke saƙar. Inna ba ta cin nama, ba ta cin kaza, ba ta cin kihi, tun tana yarinya. Ba likita ne ya hana ba, ƙarni ne ba ta iya jurewa, ko ludayin da aka juya miyar nama da shi aka sa cikin tata tana loma ɗaya za ta gane, sai ta wuni tana amai. Ranar layya ma tukunyarta daban ce. Nono da hura da ƙwai tana ci. A gida ba matsala, amma a hanya fa, da cikin gari in muna yawo? Gidan ƙanin babanmu za mu sauka a Bukoki. Ina ya kamata mu je, me za ta ci, kuma kuɗin za su isa?

Ɗan Mokoyo, direban kar:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki, Allah ya ba ki masu yi miki. Ni maganar hanya zan yi tunda ita na sani. Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, kar na tashi da asuba, ku bi Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogondutsi, Doso, sai la'asar ko bayanta ku shiga. Ki sayi tike tun jajibiri ki roƙi kujerun gaba, baya akwai jijjiga tsohuwa za ta sha wuya. Kuma kar ku manta katin ɗan ƙasa ku duka biyu, akwai shingaye.

Abinci kuwa gaskiya wuraren da muke tsayawa ba na irin su Inna ba ne, ana buɗe ƙofa hayaƙin gashi ne zai tare ku, tsire, balangu, zabbi, kilishi ana turo miki har ta taga. Ki yo guzuri daga gida, dambun zogale da ƙuli, dafaffen ƙwai, burodi, dabino, hura ki dama ta a gora. In mun tsaya Ƙonni ku ɗan yi nisa da masu gashi ku ci naku.

Hajiya ta Zariya:
Ɗiyata ki saurare ni da kyau don ni na ga irin wannan da surukata. Abin da zai ba ku wahala yana gidan da za ku sauka, ya hi na titi. Matar baffanki tana jin baƙi za su zo daga Maraɗi za ta sa a yanka kaji, ta yi ta wahala a kan murhu don ta girmama Inna, ta kawo kwano ta ajiye gabanta. Ita kuma tsohuwa kunya ba za ta bari ta ce ba ta ci ba, ko dai ta tilasta ma kanta ta kwana da ciwo, ko ta ce ta ƙoshi a ga kamar ta rena girkin. Surukata haka ta yi kwana biyu da shayi da burodi, mu muna ta mamakin yadda take jiri in ta miƙe, sai da jikarta ta tona.

Don haka tun yau ki kira matar gidan, ke da bakinki, kada ki aika ta hannun baffan don maza mantawa suke. Ki ce mata tukunya daban, ludayi daban, kuma kar a tsame nama a ba ta romon a ce ai babu nama, wannan shi ne kuskuren da kowa ke yi. Ki ɗauko daddawarku ta gida da kuka da busasshiyar kuɓewa, ba su da nauyi. Miyar kuka da daddawa da ɗan wake a ciki, wa ke neman nama.

Baƙon Yamai:
Ni ɗan Maraɗi ne amma shekarata tara a Yamai. Yaya kin zaɓi lokaci mai kyau, Disamba akwai sanyi kuma lokacin ne kogi ke cika da ruwan da ya gangaro tun daga Gini, ga kayan lambu sun yi araha, salad, kabeji, karas, tumatir. Da Afrilu kika ce da na ce ki fasa.

Ranar farko ku ba gidan tarihi na Bubu Hama sahiya guda cur. Tun 1959 yake, kuma abin gani ya hi ƙarfin awa ɗaya, akwai namun daji zaki da kura da dorina, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da can da aka tono a yankin Agadas, in kin tsaya ƙarƙashinsu sai kin ɗaga kai, akwai kayan sawa na ƙabilunmu duka, ga maƙera da dukawa suna aiki a gabanki. Har guntun iccen nan da ya tsaya shi kaɗai cikin hamadar Tenere, wanda mota ta kaɓe a 1973, yana can an gina mishi rumfa. Sai dai wurin na da faɗi, ku riƙa zama kuna hutawa. Da yamma ku tahi gadar Kanadi, ita ce ta farko tun 1970, ku ƙetara Harobanda ku dawo daidai faɗuwar rana, lokacin ne masu kwale-kwale ke komawa gida ruwan ya yi ja. Wannan shi ne abin da Inna ke so, kar ki yi mata gaggawa a nan. Amma ki kula da ɗaukar hoto inda akwai sojoji, ki tambaya tukun.

Rana ta biyu babbar kasuwa da sahe, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1982, sai babban masallaci wanda ake ce ma na Gaddafi. Ta uku Wadata wajen masu aikin hannu ku yi tsaraba.

Ɗan Sabon Gari:
Ku ƙara da Kure mana, raƙuman dawa, kilomita 60 ne kawai daga Yamai. Kuma ni a ganina ku shiga babban restoran ku ce a yi mata shinkafa da miya ba nama, shi ke nan.

Ƴar Ali Ɗan Sofo:
A'a malam, Kure dai a bari. Tun harin watan Agusta 2020 da aka kashe mutum takwas can ba a shiga dajin haka kawai, balle mace da tsohuwa. Ai kar ɗin ma ta Kure take bi bayan Doso, ta sa Inna wajen taga, in da rabo wani lokacin ana hango su bakin hanya.

Restoran ɗin ma ban yarda ba. Miyarsu tukunya ɗaya ce tun sahe da nama a ciki, dafa-duka kuma da romo ake dafa ta, in kin ce ba nama tsoka kawai za su cire. Ni na yi karatu a jami'ar Abdu Mumuni kuma abin da ya riƙe mu shi ne abincin mata na bakin titi, shi ne ma ya hi dacewa da Inna. Kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, da dambu, ko'ina akwai. Shinkafa da wake su dunguri nda mo suke cewa, ki ce mai da yaji da albasa kawai kar a zuba miya. Ƙosai kekena, hura donu. Ga awara, ga masa, ga soyayyar doya da dankali. Abu ɗaya za ki lura, kaskon suya. In kin ga mai tuya tana da kihi a tire to da man nan take soya komai, ki wuce ta gaba. Yajin ma ki sansana, wasu na daka busasshen kihi a ciki. Yawanci suna jin Hausa, amma in kin haɗu da wadda ba ta ji ki nuna Inna ki ce a si ham ŋwa, ba ta cin nama ke nan, kihi kuma hamisa.

Hajiya ta Zariya:
Na manta, dunƙulen magi ma ku duba, akwai mai ɗanɗanon kaza, masu irin hancin nan suna ji. Kuma Baƙon Yamai ka cika mata rana da yawa ɗana, bayan zaman kar na wuni guda ƙafa kumbura take. Wuri ɗaya da sahe, a dawo gida a yi azahar a kwanta, wuri ɗaya da yamma. Babbar kasuwa ma ni da za a bar ta, cunkoso ne, me ke can da babu a kasuwarmu ta Maraɗi?

Baƙon Yamai:
Gaskiyarki Hajiya, a cire kasuwar. Maganar kuɗi tunda masauki kyauta ne jika 150 za su isa har da tsaraba in ba a yi almubazzaranci ba, ki dai ware na tiken dawowa tun farko ki ɓoye. Takisi na haɗaka ne, ki faɗi unguwa ku daidaita kafin ku shiga.

Ƴar Bagalam:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi har na yi hawaye ina karantawa. Hajiya na kira matar baffa yanzun nan, ashe har ta riga ta sa a ware mata zakaru biyu, ta yi ta salati ta ce ita shekara da shekaru ba ta san Inna ba ta cin nama ba, ta ce za ta sayi sabuwar ƙaramar tukunya. Kure mun bari, kasuwa mun bari. Gada kuwa sau biyu zan kai ta in Allah ya yarda, ranar farko da ranar ƙarshe. Saura tambaya ɗaya, in ta ce tana son shiga kwale-kwale in bar ta?

Baƙon Yamai:
Ki bar ta amma da sahe kafin iska ta tashi, babba mai inji ba ƙaramin na masunta ba, kuma ki ce da mai tuƙin ya yi nesa da dorina. Ki sa ɗan gidan baffa ya raka ku shi zai yi cinikin.