Shekara 64, yara sun ce in ajiye igiya. Yaushe mai hawan dutse yake dainawa?

Dattijon Wunti

Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce take damuna na ce bari in kawo ta nan ko a samu wanda ya fi ni sani. Ni mutumin Bauchi ne, bana na cika 64, na yi ritaya daga koyarwa. Hawan dutse na fara shi tun ina saurayi lokacin da aka kai mu kwas ɗin Man O' War a Shere Hills can Jos, a nan aka koya mana ɗaura ɗamara da ƙullin igiya da saukowa ta bango, tun daga nan abin ya shige ni bai fita ba. Ba irin hawan da yara suke yi ran sallah nake nufi ba wanda za ka bi hanya da ƙafa har sama ka ɗau hoto, a'a, na bangon dutse da hannu da ƙafa da igiya. Duwatsun Dass da na wajen Zaranda duk mun sha hawansu ni da abokaina, yanzu abokan wasu sun rasu wasu ciwon ƙafa ya zaunar da su, sai matasa nake bi.

To yarana sun haɗa kai da uwarsu sun ce in bari, babban ma ɗauke igiyar ya yi ya kai gidansa. Ni kuma a jikina hawa bai gagare ni ba, hannuna yana riƙo, abin da na lura kawai in na sauko gwiwar dama sai ta yi ta tsami, sai kuma ido, in yamma ta yi ba na ganin inda zan sa ƙafa sosai. Ina shan maganin hawan jini amma yana daidai. Shekara nawa ake dainawa, kuma wace alama mutum zai gani ya san lokaci ya yi? Don Allah ban da masu cewa je ka masallaci ka zauna, ina zuwa masallaci.

Ɗan Kaltungo

Wa alaikumus salam Baba. Wlh kar ka bari su karya maka gwiwa, 64 ai da sauranka. Wani ɗan Japan Yuichiro Miura ya hau Everest yana da 70 a 2003, ya sake yana 75, ya kuma sakewa a 2013 yana 80, dutsen da tsayinsa ya kai mita 8,849 fa. An yi wani tsoho a Suwizalan Marcel Rémy, a 2017 yana da 94 ya hau wani bango mai suna Miroir d'Argentine da igiya irin taku. Har mace ma, Dierdre Wolownick a Amurka sai da ta kusa 60 ta fara, ta hau wani katon bangon dutse mai suna El Capitan tana 66 ta sake tana 70. Mu nan ne da mutum ya yi ritaya sai a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida a ce ya huta, shekara biyu ka ga ya rushe. Ka je ka karɓo igiyarka Baba.

Sista a Gombe

Ɗan Kaltungo ka kawo rabin labari ka bar rabi. Shi Miura ɗin an yi masa aikin zuciya ba sau ɗaya ba, kuma da likita da tawaga guda yake tafiya, sannan a 2019 yana 86 ya je hawan dutsen Aconcagua a Ajantina likitansa ya ce zuciyar ba za ta ɗauka ba, ya juyo bai yi gardama ba. Abokin gasarsa ɗan Nepal Min Bahadur Sherchan da ya dage sai ya ƙwato kambun wanda ya fi tsufa cikin masu hawa Everest yana 85, a sansanin gindin Everest ya rasu a 2017.

Baba ni ma'aikaciyar jinya ce, ba zan ba ka lambar shekara ba don babu ita, amma abu biyun da ka faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba su suka fi tsaya min, ba gwiwar ba. Idon nan a je a duba shi, rashin gani da yamma a shekarunka yana iya zama yanar ido, ita cire ta ake yi mutum ya dawo yana gani tar, amma a auna har da hawan jinin ido don shi ba ya ciwo kuma gefen gani yake fara ci, mai hawa kuwa da gefen ido yake ganin ƙafarsa. Na biyu wasu magungunan hawan jini suna sa jiri in mutum ya miƙe da sauri, balle ga rana ga gumi ga ƙishi a watan Maris ko Afrilu. Ka gaya ma likitanka ainihin abin da kake yi, kar ka ce ina ɗan motsa jiki, ka ce bango nake hawa da igiya, sai ya san abin da zai duba, a yi gwajin zuciya da na suga. A gida kuma gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10 ba ka dafa komai ba, dama da hagu, da tashi daga kan tabarma ba dafa ƙasa. Naman jiki yana raguwa a hankali tun daga shekara 30, bayan 60 ya ƙara sauri, wanda yake aiki da jikinsa nasa ya fi daɗewa, ta nan kam hawan ya yi maka rana. Ƙashi ne ba ya yafiya, faɗuwar da ɗan 25 zai tashi ya karkaɗe wando dattijo ƙugu take karya masa.

Tsohon Soja

Malam barka da ƙoƙari, ni na girme ka, na haura 70 kuma har yau ina zuwa dutse, nan Gombe nake wajen Dadin Kowa dutsen Bima yana kallona kullum. Abin da zan ce maka shi ne ba a dainawa rana ɗaya, kashi kashi ake ajiye abin, kuma duk wanda ya ce sai dai ya yi shi yadda yake yi yana 30 ko ya bari gaba ɗaya shi ne yake jin ciwo.

Cikin abin da na ajiye akwai jan gaba. Wanda yake gaba yana jan igiya yana maƙala ta, in ya zame yana mita biyu saman ƙugiyar ƙarshe to mita huɗu zai faɗo kafin igiya ta kama shi har da ƙarin miƙewarta, kuma duwatsunmu na nan yawancinsu ba a tsaye sak suke ba, kwanciya suke yi, ba a iska za ka yi lilo ba gurzar dutse za ka yi. Yanzu yaro ne yake zagayawa ya ɗaure igiya daga sama ya sako min, in na zame taku ɗaya ne na tsaya. Daɗin hawan bai ragu ba ko kaɗan, girman kan ne ya ɗan ji jiki a farko. Shi tsohon Suwizalan ɗin da yaron nan ya ambata ai da 'ya'yansa biyu ya hau, su ma gwanaye ne, ba shi kaɗai ya fita da asuba ba.

Alamar da kake tambaya kuma ba a hannu take ba. Hannu in ya gaji zai gaya maka, ka sauko. Hankali ne ba ya sanarwa. Lynn Hill tana cikin gwanayen duniya, a 1989 a Faransa ta fara ƙulli aka ɗauke mata hankali ba ta ƙarasa ba, ta kai sama ta jingina da igiya ta faɗo sama da mita 20, bishiya ce ta rage mata, lokacin ko 30 ba ta kai ba. To ina ga mu da za mu shiga ɗaki mu manta abin da ya kawo mu. Ni ƙa'idata duk ƙullin da na yi sai yaro ya duba da hannunsa ko da ni na koya masa, kuma na gaya musu ranar da suka ga abin yana maimaituwa, ana gyara min ƙulli ko na manta hular kwano a ƙasa, su faɗa min a fuskata. Ka zaɓi mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka ka ba shi wannan izinin tun yanzu kana da lafiya, don yaranmu kunya za ta hana su, sai su yi ta cewa Baba ai ka iya.

Sai kuma riƙe ma wani igiya. Wannan na ajiye shi kafin komai ma in gaskiya za a bi, don in kana hawa ranka ne, in kana riƙo ran ɗan mutane ne a hannunka, ga wuya a ɗage kana kallon sama ga jiri. Yanzu in zan riƙe sai da wani a bayana yana riƙe da jelar igiyar.

Igiyar da ɗanka ya ɗauke shekararta nawa? Masu ƙera su suna cewa ko ba a taɓa amfani da ita ba kar ta wuce shekara 10, balle wadda ta sha rana da ƙurar hunturu. Todd Skinner a 2006 a Yosemite can Amurka madaurin ɗamararsa ne ya tsufa ya tsinke yana saukowa, ƙwararre ne kuma 47 gare shi. Mu tsofaffi muna son tsohon kaya don mun saba. Ƙarshe ka tambayi kanka in ka karye a saman dutsen Dass wa zai sauko da kai, mu ba jirgi mai saukar ungulu za a turo mana ba, yaran nan ne za su ɗauko ka a kafaɗa ta hanyar da mai lafiya ma sai ya dafa. Shi ya sa na koma gajerun bango kusa da inda mota take isa.

Maman Hanif

Baffa ka yi haƙuri in sa baki, ni ta ɓangaren yaranka zan yi magana don mahaifina ma haka muka yi da shi kan babur. Ba raini ba ne, tsoro ne, duk ranar da ka fita Goggo ba ta da kwanciyar hankali sai ta ji sallamarka, waya in ta yi ƙara gabanta faɗuwa yake. Kuma jiki amana ne, a Baƙara aya ta 195 an ce kada ku jefa kanku cikin halaka. Ban ce hawan haramun ne ba ni ba malama ba ce, tsofaffi nawa suke hawa Jabalun Nur su je kogon Hira da sanda a hannu. Amma ɗauke igiyar nan da yayanmu ya yi bai kyauta ba, da zama ya yi da kai. Ni shawarata ka tafi da shi sau ɗaya ya ga yadda ake ɗaurawa da idonsa, mu a tunaninmu rataye kawai kuke yi a sama sai Allah. In ya ga igiyar daga sama take kamar yadda Baba Soja ya ce wataƙila shi zai ma lallashi Goggo.

Dattijon Wunti

Na gode ƙwarai Allah ya saka. Sista zan je a duba idon satin nan in sha Allah, tsayuwar ƙafa ɗaya na gwada yanzu, hagu lafiya dama tana rawa. Yallaɓai Soja maganar jan gaba ta yi min ɗaci amma na ji ta, ta riƙon igiya kuwa ban taɓa kawo ta a raina ba. Inda ban yarda ba shi ne gajerun bango kawai, ni abin da yake kai ni shi ne in kai sama in ga gari, in bango ya gagara gara in bi hanyar ƙafa da sanda biyu. Igiyar kam ta haura goma nesa ba kusa ba, ya riƙe abarsa ya yi shanya. Ina ake samun sabuwa ta gaske, ba irin ta ɗaure kaya a mota ba?

Ɗan Kaltungo

Baba ka tambayi malaman Shere Hills su za su san inda suke samo tasu, ko ka ba wani mai dawowa daga waje sautu, ka ce mai miƙewa ta hawa ba sandararriya ba. In ka shirya hanyar ƙafa ka zo mu hau dutsen Kilang ko mu je Tula, amma ka bari a gama girbi ciyawa ta bushe tukun, kububuwa ta yi yawa a nan lokacin aikin gona, ba banza aka yi asibitin cizon maciji a garinmu ba. Takalmi mai rufe idon sawu za ka sa, kuma a zo da yaya babba.