Ajiye Mota a Inda Aka Saukar da Gefen Titi a Ingila

Shawara ita ce kada direba ya jira ganin alamar hani kafin ya guji ajiye mota a irin wannan wuri, domin dokar kula da zirga-zirga ta 2004 ta ba ƙananan hukumomi ikon cin tarar wanda ya tare wurin da aka saukar da gefen titi, wato inda aka rage tsayin dakalin bakin titi don sauƙin shiga ko tsallakawa, ko da babu fenti ko allo. Abin ya fi tsanani a mashigar masu tafiya a ƙasa, inda mai keken guragu ko uwa mai tura keken yaro ke rasa hanyar tsallakawa. A ƙofar gida kuwa, hukumomi da yawa ba sa aiko jami'i sai mai gidan ya kai ƙara, kuma baƙon da ya yarje wa ya ajiye mota a wurin ba ya cikin laifi, muddin ba mashigar da yake haɗaka da wani gida ba ce. Wanda aka ci tararsa yakan sami ragin rabi idan ya biya cikin kwana 14.