Neman kalmar Hausa: me za mu kira irin wasan Space Invaders?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina cikin rubuta wani bayani kan tarihin wasannin kwamfuta sai na cije a kan abin da Turawa ke kira shoot 'em up, wato dangin wasannin da Space Invaders ya buɗe wa ƙofa. Wurin da ake buga su bai ba ni wahala ba, domin yaranmu sun riga sun raɗa masa gidan gem, kuma ban ga dalilin ƙwace musu kalmarsu ba. Sunan dangin wasan ne har yanzu ba mu da shi.

Abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne wasan harbi, ni ma da shi na fara. Sai dai ya yi faɗi da yawa, don zai kwashe har da harbin kibiya da wasannin yaƙi na zamani irin su Call of Duty. Wani ɗan'uwa ya kawo wasan ɓarin wuta, wanda ya yi daɗi a kunne, amma ya saɓa wa yadda aka gina wasan, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya.

Injiniyan kamfanin Taito na Japan, Tomohiro Nishikado, shi ne ya ƙirƙiro Space Invaders, aka fitar da shi a 1978. Dodanni 55 ne a jere, sahu biyar, kowane sahu guda 11, ya zana su da siffar kaguwa da wasu halittun teku. Suna tafiya gefe guda, da sun kai bakin allo sai su sauko taki ɗaya su juyo. Kai kuma kana ƙasa da 'yar bindigarka, ba ka da gaba ba ka da baya, sai dama da hagu. Harsashi ɗaya tak ake ba ka a lokaci guda, ba za ka sake harbi ba sai wancan ya sami wani abu ko ya fice daga allo. Wanda ke da harsashi ɗaya ai ba a ce yana ɓarin wuta ba. Garkuwoyi huɗu da ke gabanka ma zagwanyewa suke yi, wutar dodanni na cinsu ta sama, taka na huda su ta ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne saurin. Na'urar Intel 8080, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin wasan, ba ta da ƙarfi, saboda haka duk lokacin da dodanni suka ragu sai aikin zane ya yi mata sauƙi, ragowar su ƙara gudu. Nishikado ya lura da haka ya bar shi, ga kuma amon nan mai bugu huɗu da ke ƙara sauri tare da su kamar bugun zuciyar wanda aka biyo. Ashe rabin wasan harbi ne, rabi kuwa tsira da rai.

Don haka shawarata ita ce harbi-ka-kauce. Ginin ba baƙo ba ne a Hausa, domin haka muka sami faɗi-ka-mutu, kuma kamar waccan kalma, ba za ta sauya ba ko mace ce ke wasan. Ta kuma dace da 'ya'yan gidan: Galaxian na kamfanin Namco a 1979, inda maƙiya ke ɓallewa daga sahu su kawo sura kamar shaho, da Galaga na 1981, inda kaucewar ta ƙara nauyi tunda ana iya kame jirginka.

Na yi tunanin harbi-ka-goce, amma na ajiye shi, saboda harsashi ma yakan goce, alhali kaucewa aikin mai rai ne da ya ga abu na zuwa. Ga yadda na sa ta a rubutuna: "A 1980 aka shigar da wannan wasa na harbi-ka-kauce cikin na'urar Atari 2600, ya koma gidajen mutane." Malamaina masana Hausa, ku karanta jimlar da ƙarfi ku gaya mini ko ta zauna a baki.