Neman shawara: An zaɓe ni in je Poland zango ɗaya, amma ya faɗo kan SIWES da noman rani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni ɗan Argungu ne, ina aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na jihar Kebbi. Makarantarmu na da yarjejeniyar musayar ɗalibai da wata jami'a a Poland, ƙarƙashin shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai. An yi tantancewa, Allah ya sa sunana ya fito. Tafiyar daga ƙarshen Fabrairu ce zuwa ƙarshen Yuni. Ba zan biya kuɗin makaranta a can ba, za a riƙa ba ni Yuro 800 a wata, da wani abu na kuɗin jirgi.

Ga abin da ya hana ni barci. A sashenmu, wannan zangon ne ake fita SIWES, wato aikin koyon sana'a a ma'aikatu, na wata shida. Na tambayi kodinetan ajinmu, ya ce in je kawai, in na dawo za a san yadda za a yi. Sannan fasfo da biza da tikiti duk sai na fara biya daga aljihu, kuma ba inda kuɗin zai fito sai shinkafar damina da Baba ya ajiye don taki da man injin ban ruwa. Ni ne babba a maza, ni ke kula da injinan a fadama duk ƙarshen mako. Da na gaya masa, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri" kawai ya ce, ya miƙe ya tafi masallaci. Abokaina kuwa cewa suke in na shiga Turai kada in sake in dawo. Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Wani ɗalibi daga Aliero: Masha Allah! Tafi abinka ɗan'uwa. Mutum nawa ke nema ba su samu ba? Allah ya sa mu a danshinku.

Wani malamin jami'a daga Gusau: Wa alaikumus salam. Ina taya ka murna, amma ƙanena, "za a san yadda za a yi" ba amsa ba ce. Kodineta yau yana nan, gobe an canja shi ko ya tafi ƙaro karatu, wanda ya gaje shi kuma takarda kaɗai zai duba.

Shirin da kansa ya tanadi maganin wannan. Kafin ka tashi akwai yarjejeniyar karatu da ɓangare uku ke sa wa hannu: kai, da jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. A ciki ake jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, a gefe guda kuma waɗanda za su maye gurbinsu a nan. Su Turawa da ma'aunin ECTS suke lissafin nauyin kwasa-kwasai, cikakken zango maki 30 ne, mu kuma da yunit muke yi, saboda haka dole wani ya zauna ya daidaita biyun. Ka samo bayanin kowane kwas daga can, ka buga, ka kai wa shugaban sashe hannu da hannu. Ka roƙi a kai maganar taron sashe, ta wuce tsangaya, ta kai majalisar jami'a idan ƙa'idarku ta ce haka, ka riƙe kwafi mai hatimi.

Inda gizo ke saƙar shi ne SIWES, domin aikin koyon sana'a ne mai littafin rahoto da mai duba aiki, zaman aji a Poland ba zai biya shi ba. Hanya biyu nake gani. Ko dai sashe ya yarda a rubuce ka yi SIWES bayan ka dawo, su kuma karɓi kwasa-kwasan can a madadin wasu na aji huɗu, ko ka nemi ofishin da ke kula da shirin ya ɗaga maka tafiyar zuwa zangon da ke farawa a Oktoba. Ba lallai su amince ba, tunda kuɗin shirin yana da wa'adi, amma ka tambaya tun yanzu.

Wata 'yar'uwa daga Birnin Kebbi: Ni na yi irin wannan tafiyar, kuma Poland ɗin na je, don haka bari in yi maganar kuɗi. A inda na je sai da na isa, na buɗe asusun banki, sannan aka saka mini kaso mafi tsoka, ragowar kuma sai da na cika rahoton ƙarshe. Ma'ana makonnin farko da guzirinka za ka rayu, har da kuɗin ajiya na ɗakin kwanan ɗalibai. Ka rubuta musu ka tambayi ranar biyan farko, da kuma ko su ne za su yanka tikiti. Wasu jami'o'in suna saya su cire daga kuɗinka, wannan kaɗai zai rage wa Baba nauyi sosai. Kuɗin makarantarka ta gida kuma yana nan, za ka biya shi kamar kullum.

Fasfo na shekara 5 ya koma Naira 100,000 tun Satumban 2025, kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun zo ɗaya da na NIN, harafi ɗaya kan tsayar da mutum. Tunda zamanka ya haura kwana 90, bizar dogon zama za ka nema, wadda ake kira D, ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja, tare da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci, kada ka jira komai ya kammala kafin ka fara nema. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya yi maka hanya, ka rabu da shi.

Can ba Yuro ake kashewa ba, kuɗinsu zuloti ne. Idan kana kwana a ɗakin ɗalibai kana girki da kanka, abin da za a ba ka zai ishe ka har ka rage. Naman alade ya yi yawa a abincinsu, har cikin miya da tsiran gwangwani, sai ka riƙa karanta jikin kaya. A manyan birane akwai shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal. Kada Inna ta ɗaura maka kilishi ko dambun nama ko man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara, a filin jirgi za a ƙwace. Ni garin kuka da yaji na ƙulla, kuma ranar da na fara kaɗa miyar kuka a ɗakin girkin bene na huɗu, dusar ƙanƙara na zuba a taga, har hawaye na yi. Sanyin ƙarshen Fabrairu ba irin hunturunmu ba ne, ka sayi babbar riga da takalmi a shagon gwanjo da ka isa. Zuwa Yuni kuma rana kan fito tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, ba ta faɗuwa sai kusan tara na dare, sai ka tsara barcinka saboda Isha da Asuba.

Wani dattijo daga Suru: Ɗana, ni manomi ne, kuma uba. Shirun mahaifinka ba ƙi ba ne, lissafi yake. Mu da munka san fadama mun san in inji ya tsaya kwana ukku cikin zafin Maris, shinkafa ta ƙone, shekara ta tafi. Kai kuma ka zo mashi da labarin jirgi ba ka ce wa zai riƙe injin ba. Koma ka same shi bayan Isha'i, kai da kawunka ko wani da yake jin nauyi. Ka ce ga ƙanenka da za ka koya wa aikin tun yanzu, ga buhu kaza za a saida, ga watan da za ka maido kuɗin kafin a zuba taki na biyu. In ya ga ka yi wannan tunanin, da bakinsa zai sa maka albarka. In ko ya ce a'a bayan haka, ka haƙura, Allah bai rufe ƙofa ba.

Wani daga Yauri: Gaskiya ni ina bayan abokanka. Ka dawo ka yi me? Masu digiri nawa ke kabu-kabu a gari?

Malamin Gusau: Haba ɗan'uwa, kada ka jefa yaro a rami. Ranar da bizarsa ta ƙare ya zama mai zaman ɓoye, ba aikin kirki, ba zuwa gida ko da rasuwa aka yi, kuma ana iya kama shi a koro shi tare da hana shi sake shiga ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, har da Poland. Ya bar shekara uku na karatu ba shaida, ya bar uba da bashin shinkafa, ya kuma toshe wa na bayansa hanya, don jami'ar can za ta yi ɗari-ɗari da sake karɓar ɗalibanmu. In yana son Turai, ya gama digiri da sakamako mai kyau ya nemi gurbin digiri na biyu na Erasmus Mundus, wani shirin tallafin karatu na Tarayyar Turai. Wasiƙar yabo daga malamin da ya koyar da shi a Poland za ta yi masa amfani a nan.

Wata uwa daga Talata Mafara: Ni abin da nake tsoro ƙarin shekara. 'Ya'yanmu sun zauna gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, bayan wanda aka sha a 2020. Idan shekarunka sun matso 30, ka tuna wanda ya haura 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. In ba a ba ka amsa a rubuce ba, ɗana, ka zauna ka gama karatunka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, shekarata 23, ta wannan ɓangaren da sauƙi. Baba na Suru, na kira Kawu, ya ce zai shigo ranar Juma'a mu zauna da Baba tare. Litinin kuma zan ga shugaban sashe. Malam, idan na isa na tarar wani kwas da muka rubuta ba a koyar da shi a zangon, ko lokacinsa ya ci karo da wani fa?

Malamin Gusau: Hakan na faruwa sosai. An ba da damar gyara yarjejeniyar cikin makonni biyar na farkon zango, amma sai ɓangarorin uku sun sake amincewa. Ka karɓi imel da lambar shugaban sashenku kafin ka tashi, kuma ku ware kwas biyu na ko-ta-kwana tun a zamanku na Litinin.