Wai wanda bai taɓa riƙe sanda ba zai iya gane abin da muke ji a sunuka?

Mai_Gyaran_Waya:

Salam jama'a. Tambaya ce da ni, masu zagi don Allah a bari a kai ƙarshe tukuna. Ni gyaran waya nake yi, in na kulle shago bayan isha'i nakan biya gidan sunukar da ke bayan layinmu in buga gem biyu uku sannan in wuce gida, ba na shaye-shaye ba na sa kuɗi, iyakata in biya kuɗin tebur in kama gabana. Amma a gidanmu kallon ɗan caca ake mini, yayana kullum maganarsa ɗaya, wai ƙato da kai da gemu kana zungurar ƙwallo da sanda kana tura ta rami, me aka yi kenan.

Rannan na lallaɓa shi ya raka ni don ya gani da idonsa. Ana cikin wasa abokin bugana saura masa ƙwallo ɗaya da baƙa (wadda ake sawa a ƙarshe a ci gem), ni kuma tawa ba ta da hanya ko kaɗan, sai na ɗan shafi gefen tawa a hankali, fara (farar ƙwallon da ake duka da sanda) ta tafi ta daki bango ta dawo ta daki na biyu ta zo ta laɓe a bayan ƙwallayena guda biyu, ta yadda ko ta ina ya leƙa ba ya hango tasa. Wallahi duk yaran da ke wurin sai da suka buga gindin sanda a ƙasa, shi kansa wanda na ɗaure sai da ya yi dariya ya girgiza kai. Na waiga in ga yaya, sai ce mini ya yi "to ai ba ta shiga ba". Jikina ya yi sanyi. Bugun da ya fi kowanne daɗi a daren nan kenan, shi kuma abin da ya gani na ɓarar.

Shi ne nake tambaya, akwai wanda ya taɓa iya fahimtar da mutumin waje wannan abin? Ko kawai mu haƙura mu ci gaba da shan kallon banza?

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka daina wahalar da bakinka, matsalar a ido take. Ɗan kallo ƙwallon da ta faɗa rami yake bi, kai kuma da ka san wasa tun kafin ka sunkuya ka gama da wannan, hankalinka na kan inda fara za ta tsaya da wacce za ka buga bayanta da wacce ke bin wannan. To mutumin da bai san ana juya fara ba ta ina zai ga gwaninta? Shi a wurinsa zungura ce kawai. Bai san in ka daki fara a ƙasa tana tafiya gaba ne tana juyawa baya, tana taɓa ɗayar sai ta dawo maka, in ka dake ta a sama ta bi bayanta, in ka dake ta ƙasa da tsakiya kaɗan da ɗan ƙarfi kuma a miƙe suke sai ta tsaya cak a inda ɗayar ta tashi. In ka ba ta gefe kuma sai ta taɓa bango ka ga ta canza hanya. Allin nan da muke gogawa a bakin sanda da suke ɗauka yanga ce, shi ke hana bakin zamewa in ka daki gefe, ka bar shi ka ji ƙas ɗin nan mai ban kunya a gaban mutane.

Mahaifina Allah ya jiƙansa ɗan dara ne na gaske, rami 30 kowa da ƴaƴa 12, sai ya yi shiru ya ƙura wa ƙasa ido har ka ɗauka barci yake, mahaifiyarmu har ta rasu cewa take zaman kashe wando ne. Shi kaɗai ne a gidanmu da na kai shi wurin tebur bai yi minti goma ba ya ce "wannan yaron tarko yake haɗa maka", kuma gaskiyarsa. Bai taɓa riƙe sanda ba fa. Saboda haka ni a ganina wanda ya taɓa son wani wasa na lissafi zai gane, wanda bai taɓa ba ko ka kwana kana bayani a banza.

In kana son ka gwada yayanka da wani abu ka nemo masa bidiyon Efren Reyes ɗan Filifin a YouTube, musamman bugun da ya yi wa Earl Strickland a 1995 wanda fara ta yi ta kai da kawo tsakanin bango da bango har ta je ta samo ƙwallon da kowa ya cire rai. Mutumin nan tun yana ɗan shekara biyar aka kai shi gidan wasan kawunsa a Manila, yana taka akwatin lemo don ya kai tebur, a kan tebur ɗin ma yake kwana, a 1999 ya ci kofin duniya a Cardiff. In ya kalli wannan bai ce komai ba to ka shafa masa lafiya.

Maman_Biyu:

Hmm. Bari in sa baki tunda mijina ma ɗan sunuka ne, kuma ku yi haƙuri ba da faɗa na zo ba. Kullum ku ce ba a gane ku ba a gane ku, wa ya ce muku ba mu gane ba? Ni na san fara na san baƙa, na san in baƙa ta faɗa kafin lokacinta an ci ka, har 8 Ball Pool ɗin da ke wayarsa ina bugawa kuma ina cin sa wani lokacin. Na yarda akwai basira a ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "gem ɗaya zan yi in dawo". Wane gem ɗaya? Tsarin wurin fa wanda ya ci shi ke zama a tebur, to ranar da hannunsa ya yi kyau ba zai tashi ba saboda yana ci, ranar da aka ci shi kuma ba zai taho ba sai ya bi layi ya rama, to yaushe ne ranar dawowa da wuri? Tuwo ya huce, yara sun yi barci ba su ga ubansu ba, ya shigo rigarsa duk shuɗin alli da warin taba alhali shi ba ya sha, kuma yana son in zauna in ji labarin yadda ya sa baƙa ta bango.

Malam mai tambaya ban san ko kana da iyali ba, amma ina ga yayanka ba wasan ne ya tsaya masa a rai ba, wurin ne da lokacin da irin mutanen da yake gani a bakin ƙofa. Bai san yadda zai faɗa ba ne shi ya sa ya ce zungurar ƙwallo.

Ɗan_Kano_a_Ingila:

Hajiya kin faɗi gaskiya, wannan ba mai musa miki. Amma kan ainihin tambayar ni ban yarda da Tsohon Hannu ba cewa sai mai lissafi ke ganewa, don a nan ƙasar na ga akasin haka.

Da farko abin da muke bugawa a gida mai ƙwallo 15 da lamba a jiki daban yake da wanda ake nunawa a talabijin a nan. Nasu teburin ƙafa 12 ne a tsawo 6 a faɗi, ramukan matsattsu, ƙwallaye 22, jajaye 15 da masu kala shida da fara. Ja maki ɗaya, baƙa bakwai, kana sa ja sai ka sa mai kala a ciro ta a mayar wurinta, haka har jajayen su ƙare. Ranar da na fara tsayawa gaban irin wannan tebur da duk taƙamata ta gida sai na ga ramin can ƙarshe kamar a wata unguwa yake.

To a 1985 an yi wasan ƙarshe na kofin duniya a zauren Crucible da ke birnin Sheffield tsakanin Steve Davis da Dennis Taylor. Davis ya fara cin takwas Taylor ko ɗaya, Taylor mai ƙaton tabarau ya yi ta binsa har suka yi 17 da 17, gem na ƙarshe kuma ya zo ya tsaya kan baƙa ita kaɗai a tebur, wannan ya ɓarar wancan ya ɓarar, har bayan sha biyun dare sannan Taylor ya sa ta. Mutum miliyan 18.5 ne ke zaune gaban BBC a lokacin. Kana nufin duk ƴan wasa ne? Tsofaffi mata da ba su taɓa shiga gidan wasa ba suna ciki, wata dattijuwa da muke aiki tare har yau tana ba da labarin daren. Abin da ya riƙe su shi ne sun san me ke kan layi, kuma akwai mai sharhi da ke gaya musu a hankali abin da ɗan wasa ke nufin yi kafin ya yi. Dama tun 1969 BBC ta fara nuna wasan don tallata talabijin mai kala, mutane suka saba da shi a falonsu.

Kai kuma ka kai yayanka ka ajiye shi a benci ba ka ce masa komai ba. Da kafin ka buga ka raɗa masa "ba sawa zan yi ba, ɓoye fara zan yi a bayan waɗancan biyun", ya ga ta je ta kwanta daidai inda ka nuna, da wata maganar ake yanzu. Ko ka nuna masa maki 147 ɗin da Ronnie O'Sullivan ya tara a hannu ɗaya a 1997, ƙwallo 36 a jere ba kuskure cikin minti biyar da ƴan daƙiƙu, wannan ko makaho aka ba labari zai jinjina.

Abu_Hanifa_Zariya:

Ƴan uwa a ji tsoron Allah a faɗi ɗaya ɓangaren. Mutanen gari ba haka kawai suka tsani wurin ba. Kai ba ka sa kuɗi, madalla, amma ka rantse ba a sawa a teburin da ke kusa da naka? Har ƴan kallo na jingina da bango suna cewa na bi wane da kaza. Sannan tsarin nan na wanda aka ci shi zai biya kuɗin tebur, malaman da na ji sun yi magana a kai cewa suka yi shi ma akwai ƙamshin caca a ciki, tunda kun shiga ne ba a san wanda zai yi asara ba. Mafita mai sauƙi ku raba kuɗin biyu tun kafin a fara wasa, ko ɗaya ya ce na ɗauke.

Kuma wannan tabon ba a nan kaɗai yake bin wasan ba. Iran sun hana shi shekaru bayan juyin 1979 saboda alaƙarsa da caca, daga baya aka sake shi har suka fitar da fitaccen ɗan wasa Hossein Vafaei. A 2023 an dakatar da ƴan wasan Chana goma kan cinikin wasa da caca, biyu har abada, kuma Zhao Xintong da ya ci kofin duniya a 2025 yana cikin goman, ya gama hukuncinsa ne ya dawo. Ban ce wasan kansa haramun ne ba, a Jidda ma aka yi gasar duniya ta mai ƙwallo tara a 2024 Fedor Gorst ya tafi da dala 250,000, kuma wannan kyauta ce daga masu shiryawa ba kuɗin da ƴan wasa suka zuba ba. Amma in an kira salla ana cewa bari a ƙarasa gem to a nan ni da ku muka raba hanya.

Mai_Tebur:

Malam Abu ni tebur biyu gare ni a rumfa kuma da su nake ci da iyali, a wurina ana kiran salla nake kwashe fara in sa a aljihu, ba fara ba wasa, yaro da kayan makaranta kuma ko a bakin rumfa ba ya tsaya mini. Masu sa kuɗi kam ba zan yi ƙarya ba suna yi da ido da ido, ba kullum nake kamawa ba.

Ni abin da ke ba ni haushi ma ba mutanen waje ba ne, ƴan wasan ne da ba su san darajar tebur ba. Mutum ya ɗora kofin shayi a kan kyalle, ko ya zo zai yi bugun tsalle ya soke shi da sanda ya yage, ya ce sori ya tafi. Lokacin hunturu kullum da safe sai na bi shi da buroshi saboda ƙura, in ba haka ba ƙwallo tafiya take kamar ba ta so. Ɗaya teburin nawa dutse ne a ƙarƙashin kyallen, ɗayan katako ne haɗin gida, damina na yi sai ya ɗan bankare ƙwallo ta riƙa gangarawa ramin hagu ita kaɗai, ina ta cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa. Tsofaffin kwastomomi sun san da haka har da shi suke lissafi, baƙo ne kawai ke shan mamaki.

Mai_Gyaran_Waya:

Na gode ƙwarai jama'a. Hajiya ban yi aure ba tukuna amma saƙo ya iso, hhh. Malam Abu maganar raba kuɗi na karɓa. Tunda ga mai tebur a kusa bari in yi wata tambayar, in abokin wasa ya yi fawul kana kan baƙa, bugu biyu gare ka ko ɗaya? A wurinmu ɗaya ne, amma na je wata unguwa an ce biyu har muka kusa yin rigima.

Mai_Tebur:

A rumfata ɗaya ne a kan baƙa. A gasar da ake nunawa ta Amurka ma babu bugu biyun sam, fara ake ba ka a hannu ka ajiye inda ka ga dama. Kowane gida da dokarsa, ka riƙa tambaya kafin a fara wasa. Kuma in kai ne mai zuwa da jar hula kana goga alli a kan kyalle na, ka daina.