Masu tsofaffin maguna a Jos, yaya kuke fama?

Maman Yara, Unguwar Rogo:
Salamu alaikum jama'a. Magena ta haura shekara 14, tun ina amarya take gidan nan. Tun shigowar hunturu ta rame, in ka shafa bayanta sai ka ji ƙashi. Ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga yawan fitsari, wani lokaci ta yi amai da asuba. Maigidan ya ce tsufa ne, a ƙyale ta, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Don Allah waɗanda suka taɓa riƙe tsohuwar kyanwa, me kuka yi?

Kawu, Bukuru:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Haka muzurunmu ya fara. Mu Vom na kusa da mu, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, shi ya sa likitocin dabbobi ba sa mana wuyar samu. Aka ɗebi jininsa aka gwada, sai ga shi ciwon ƙoda ne. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce ƙodar da ta lalace ba ta komawa daidai, sai dai a lallaɓa abin da ya saura. Ya hana mu ba shi busasshen kifi mai gishiri da guntun kilishi, ya ce a yawaita abinci mai ruwa-ruwa, a kuma ajiye kwanon ruwa wuri-wuri a gida. In ya galabaita sai a yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fatar ƙeyarsa. Wurin yakan yi tudu kamar tozo, zuwa yamma jiki ya shanye. Ranar farko yara sun tsorata, daga baya su ke riƙe shi. Ya ƙara kusan shekara biyu a raye, yana shan hantsinsa a bakin ƙofa.

Anti, Rikkos:
Ni gargaɗi ɗaya na zo da shi: kada ki kuskura ki ba ta Panadol. Maƙwabciyata ta ga tata tana ɗingishi, ta ɓantari rabi ta jiƙa ta ɗura mata, wai tausayi. Kafin gari ya waye fuska ta kumbura, dasashi ya rine, numfashi sama-sama. Ba ta kai labari ba.

Ɗalibin likitan dabbobi:
Anti ta yi gaskiya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, wato sinadarin da ke cikin Panadol, yadda ta mutum ke yi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jajayen ƙwayoyin jini, don haka ragowar miya ba abincinta ba ne. Madara ma yawancin manyan maguna gudawa take sa su. Kuma maganin ƙuma na karnuka, wasu suna da sinadarin fametirin, guba ne ga kyanwa.

Hajiya, alamun da kika lissafa ba na ƙoda kaɗai ba ne. Ciwon suga na kawo ƙishirwa da rama. Akwai kuma cutar ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod, wadda kyanwa za ta riƙa ci sosai amma tana zubewa. Gwajin jini da na fitsari ne ke rabewa. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, kafin ta nuna abu ya yi nisa. Ki lura ko bakinta na wari, ko tana tauna ta gefe ɗaya, ki faɗa wa likita.

Alhaji, Gangare:
'Yata, ki kula da sanyi. Sanyin Jos na Disamba da Janairu ko mu masu rigar sanyi ya ishe mu, balle tsohuwar mage mai ciwon gaɓɓai. Tawa da ta daina hawa katanga na ɗauka lalaci ne, ashe ƙafafun baya ne suka gaji. Na sa mata tsohon bargo a kwali, na yanke bakin kwalin ƙasa-ƙasa don ta shiga ba tsalle. Cikin dare nakan naɗe gorar ruwan ɗumi a tsumma in ajiye gefenta. Yashin bahayarta ma na dawo da shi kusa.

Abokan majalisa na yi min dariya wai ina kashe kuɗi kan mage. Nakan tuna musu hadisin da ke Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Sai a canza hira.

Maman Biyu, Farin Gada:
Gaskiya abincin gwangwanin nan na masu ciwon ƙoda ya fi ƙarfin aljihuna, sau da yawa ma sai an yi saƙo Abuja. Likita ya tsara min na gida, dafaffiyar kaza ba gishiri ba magi, da romonta. In na ɗan ɗumama ta fi ci, don hancinta ya yi rauni. Tawa ta makance daga baya, an ce hawan jini ne. Ban ƙara matsar da kujerun falo ba, kuma tana zagayenta ba ta karo.

Anti, Rikkos:
Af, na manta. Ki duba faratanta. Tsohuwar mage ba ta cika kartar itace ba, sai farcen ya lanƙwashe ya shige tafin ƙafa. Ki riƙa datse tsinin kaɗai, kada ki kai inda ya yi ja. In tana yakushi, ki naɗe ta a tawul ki fito da ƙafa ɗaya-ɗaya.